Ƙari a saifa da hoton MRI mai allura: tambayoyi da amsoshi

Galibi da sikanin maganar ke farawa. Mutum ya je a duba masa ƙoda ko hanta, ko ciwon ciki ya kai shi asibiti, sai takarda ta fito da layin da bai taɓa zato ba: an ga wani abu a saifa, a je a yi MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, da allura. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin masu riƙe da irin wannan takarda da 'yan uwansu. Amsoshin na share fage ne kafin a zauna da likita. Hukunci na wanda ya duba ka ne, ya kuma ga hotonka da idonsa.

Wai ina saifa take, kuma mene ne aikinta?

Tana sama ta ɓangaren hagu na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari, tsakanin tumbi da ƙodar hagu. A jikin babba tsawonta bai cika wuce santimita 12 ba, nauyinta wajen giram 150, kuma muddin lafiyarta ƙalau likita ba ya jin ta da hannu. Tana tace jini, tana tsince jajayen ƙwayoyin da suka tsufa bayan sun yi kwana 120 ko kusa da haka suna aiki. Ita ce kuma a sahun gaba wajen kama ƙwayoyin cutar namoniya da na sanƙarau, da ƙwayoyin jinin da maleriya ta shiga.

Naman saifa kusan duka jini ne da ƙananan hanyoyinsa. Shi ya sa mafi yawan ƙarin da ke tsirowa a cikinta daga jijiyoyin jini suke, shi ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da soka mata allura, kuma shi ya sa hoton da ke bin sawun jini ya fi kowane hoto faɗin gaskiya a kanta.

An ce an ga ƙari. Kansa ce ke nan?

Mafi yawan lokuta a'a. Amma amsar ta fi dogara ga wane ne mai ƙarin, ba ga ƙarin kaɗai ba. Wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka, aka wallafa a 2018, ya kasa masu ƙari a saifa gida uku. Waɗanda aka tsinci abin a jikinsu haka kawai, ba tarihin kansa, ba zazzaɓi, ba rama, ba ciwo a gefen hagu, wajen mutum 1 cikin 100 ne nasu ya zama mugu. Waɗanda dama suna fama da kansa a wani sashen jiki kuwa, kusan ɗaya cikin uku. Masu alamun ciwo su ma nasu bai yi nisa da haka ba.

To ka ga idan likita ya tsare ka da tambayoyi, ko kana zufa da dare, ko wandonka ya yi maka yawa, ko ka ji kaluluwa a wuya ko hamata, ba ɓata lokaci yake yi ba. Rabin aikin a nan yake. A ƙasashenmu kuma jerin abubuwan da ake zargi ya ɗan bambanta da na Amurka, duba tambayar maleriya da sikila a ƙasa.

Waɗanne irin ƙari marasa lahani ne ke fitowa a saifa?

Wanda aka fi gani shi ne himanjiyoma, dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini da suka buɗe suka cika da jini mai tafiya a hankali. Yawancinsa ƙarami ne, bai kai santimita 2 ba, mutum na iya rayuwa da shi har tsufa bai sani ba. Sai jakar ruwa: wata da ita aka haifi mutum, wata ragowar tsohon bugu ce, jini ya taru ya narke bayan faɗuwa daga babur ko haɗarin da an ma manta da shi. Akwai kuma jakar da ƙwan wata tsutsa ke yi, tsutsar da ke zagayawa tsakanin karnuka da tumaki ko raƙuma. Ita wannan ba kansa ba ce amma magani take buƙata, kuma ba a huda ta da garaje.

Hamatoma naman saifa ne na asali da ya tsiro ba bisa tsari ba. Limfanjiyoma ƙananan jakunkuna ne masu ɗakuna-ɗakuna, an fi samun su a yara, sau da yawa a gefen saifa daf da fatarta. Sauran biyun ba kasafai ake cin karo da su ba: anjiyomar litoral, wadda aka fara bayyanawa a 1991, mai fitowa da yawa a lokaci guda ta kumbura saifa ta rage jini, da wani dunƙulen jijiyoyin jini mai tabo wanda takardu ke rubutawa SANT, da aka sa wa suna a 2004. Kada a manta da 'yar saifa, ɗan guntun nama mai zaman kansa a gefen uwar, wanda ake samu a jikin aƙalla mutum ɗaya cikin goma. Ba cuta ba ce sam, sai dai takan ruɗi mai sikanin.

Na riga na yi sikanin, wasu ma har da CT. Me MRI zai ƙara?

Sikanin ya iya gano cewa akwai abu, ya auna girmansa, ya kuma ce ruwa ne zalla ko nama. Idan jakar ruwa ce tsaf, mai siririn bango, magana takan ƙare a nan. Inda yake gazawa shi ne rarrabe nama da nama, ga haƙarƙari da iskar hanji suna tare masa gani. CT yana da sauri, yana kuma ganin ƙashi-ƙashin da ke taruwa a bangon tsohuwar jaka, amma sau da yawa lokaci ɗaya ake ɗauka bayan allura, sai ƙari iri-iri su fito da kama ɗaya: baƙin tabo kawai.

MRI yana ɗaukar wuri ɗaya ta fuskoki da dama. Hoton da ake kira T2 yana haska duk abin da ke da ruwa, T1 yana tona jinin da ya zuba a ciki, wasu kuma suna nuna sinadarin ƙarfen da ya kwanta a nama. Da maganaɗisu yake aiki, babu tururin da ke cikin eksire da CT, saboda haka ana iya maimaita shi ba tare da fargaba ba, musamman ga yara da matasa.

Mece ce wannan allurar? Ba za a iya yi babu ita ba, a rage kuɗi?

Ruwa ne garai mai ɗauke da sinadarin gadoliniyam, an ɗaure shi cikin wani sinadarin don kada ya saki jiki a cikin jini. Tun 1988 ake amfani da shi. Ana auna shi da nauyin mutum. Mai kilo 70 yakan samu wajen mililita 14 na mafi yawan nau'o'insa, ta kanula, wato ɗan bututun robar da ake sawa a jijiyar hannu. Duk inda ya bi da jini, wurin yana yin haske a hoton T1. Ba magani ba ne, ba ya narkar da ƙari, kuma ƙoda ke fitar da shi ta fitsari, mafi yawansa cikin awa 24.

Game da rage kuɗi: a kan saifa, ban ga hikimar yin hakan ba. In ban da jakar ruwa zalla, hoto babu allura yakan ƙare ne da "ba a iya tantancewa ba", sai a sake biyan wani. Wanda ke da dalilin lafiya na guje mata daban ne, duba tambayoyin ƙoda da juna biyu.

To me likitan hoto yake kallo har ya ce wannan kaza ne?

Lokaci yake kallo. Marini yana gane irin yadi daga yadda yake shan baba, wani nan take, wani sai an daɗe, wani ko kaɗan. Haka ake yi wa ƙari. Ana ɗaukar hoto kafin allura, a sake a wajen daƙiƙa 25 zuwa 30, a sake a daƙiƙa 60 zuwa 70, sannan bayan minti 3 zuwa 5, wani lokaci har 10. A hoton farko ita kanta lafiyayyar saifa takan fito rodi-rodi, domin jini ba ya ratsa sassanta da gudu ɗaya, sai bayan minti guda launinta ya daidaita. Wanda bai saba ba zai iya ɗaukar wannan rodi-rodin a matsayin cuta, ko kuma ƙaramin ƙari ya ɓuya masa a ciki.

Jakar ruwa tana haske fes a T2, kuma ba ta shan allura ko ɗigo. Limfanjiyoma haka take, sai dai siraran bangayen da suka raba ɗakunanta kan ɗan yi haske. Himanjiyoma ma tana haske sosai a T2, amma ita tana sha: ƙarama takan cika gaba ɗaya nan da nan ta riƙe, babba takan fara daga baki ta riƙa cikowa zuwa tsakiya, kuma ba ta sakin abin da ta sha har hoton ƙarshe. Wanda ya taɓa jin bayanin himanjiyomar hanta ya lura, ta saifa ba ta cika nuna ƙulle-ƙullen gefe da aka san ta hanta da su ba, don haka rashin ganinsu ba abin tashin hankali ba ne. Hamatoma ta fi wayo. Kafin allura da ƙyar ake raba ta da naman da ke kewaye, wani lokaci tudun da ta yi a gefen saifa ne kaɗai ke tona ta. Da an yi allura sai ta sha da wuri, ba daidai ba, daga baya ta daidaita ta kusa sajewa da saifa. SANT kuwa duhu yake yi a T2 saboda tabo da ƙarfen da ke cikinsa, allurar kuma takan shiga daga gefe cikin layuka masu nufar tsakiya, irin tsarin wayoyin ƙafar keke. 'Yar saifa ita ce mafi sauƙi: duk abin da uwar ta yi a kowane hoto, shi take yi.

Miyagun kuma da nasu hali. Limfoma, kansar kaluluwa, wadda ita ce ta fi kama saifa, da kansar da ta yaɗo daga nono, huhu, ƙwan mace ko fata, yawanci ba sa shan allura kamar naman da ke kewaye da su, suna zama da duhu har ƙarshe, gefensu ba a yanke yake sarai ba, sau da yawa ga kaluluwa a kusa. Anjiyosakoma, kansar jijiyoyin jini, wadda ba ta da yawa amma muguwa ce ainun, takan fito babba a hargitse, da jini da ruɓaɓɓen nama a ciki.

Idan MRI ya ce marar lahani ne, shi ke nan an tabbatar?

Ga jakar ruwa, 'yar saifa, da himanjiyomar da ta cika sharuɗɗanta, kusan a ce eh. Ga sauran, a nan gizo ke saƙa. Babbar himanjiyomar da ta yi jini a ciki tana iya kama da anjiyosakoma. SANT da hamatoma mai yawan tabo suna iya kama da limfoma. Anjiyomar litoral, da yake da yawa take fitowa, takan yi kama da kansar da ta bazu. Akwai kuma wani hoto mai auna yadda ruwa ke motsi cikin nama, wanda ke taimakawa ƙwarai a hanta wajen zaƙulo kansa, amma a saifa ƙarfinsa ya ragu, domin lafiyayyar saifa ma a matse take kamar ƙari.

Saboda haka kalmomin "mai yiwuwa" ko "ya fi kama da" a takardar sakamako ba alamar likitan bai iya aiki ba ce. Na fi natsuwa da mai rubuta haka a kan wanda ke yanke hukunci a kan komai. Abin da ke biyo baya yana cikin tambayar wata shida.

Tun ina yaro ake cewa ina da saifa. Maleriya ko sikila na da hannu a wannan?

A raba abu biyu. Abin da ake kira saifa a gida, wanda har wanzamai kan yi wa yara tsaga a gefen hagu na ciki dominsa, kumburin saifar ce gaba ɗayanta. Ƙari kuwa dunƙule ne a cikinta. Maleriyar da ke ta maimaituwa, tsargiyar hanji da ke taurara hanta, ciwon hanta mai daɗewa, da kala-azar, cutar da cizon wani ɗan ƙwaro ke kawowa, a wurare irin Gadarif ta Sudan, duk kumburi suke kawowa, kuma gwajin jini da sikanin ne ke gano su, ba MRI ba. Tsagar ba ta kai wa ga saifa, ba ta kuma rage ta.

Sai dai waɗannan cututtuka suna barin sawu da ke rikita hoto. Mai hanta da ta taurare yakan samu ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe na ƙarfe a saifa, ba ƙari ba ne. A mai sikila, sassan saifa kan mutu saboda toshewar jini, su fito kamar yanki mai faɗi a waje da tsini a ciki, ba sa shan allura. Idan saifar ta yi duhu da ƙarfe, ragowar lafiyayyen naman da ya tsira yakan fito zagaye kamar ƙari, alhali shi ne mai lafiyar. Taifod da tarin fuka kuma kan yi ƙurji, wanda bakinsa ke shan allura tsakiyarsa ba ta sha. A faɗa wa mai ɗaukar hoto nau'in jini, da ko an taɓa ƙarin jini, a kuma tabbata an rubuta a takardar da za ta je wa likitan hoto.

Allurar tana taɓa ƙoda? Na ji ana cewa tana zama a ƙwaƙwalwa.

A ma'aunin da ake bayarwa, ba ta cika cutar da lafiyayyar ƙoda ba. Matsalar tana ga wanda ƙodarsa ta riga ta gaza, domin sinadarin yakan daɗe a jikinsa. A 2006 aka gano alaƙarsa da wata cuta mai taurara fata da gaɓoɓi a irin waɗannan majinyata. Tun daga nan ake duba gwajin ƙoda, kuma idan lambar eGFR, mai nuna ƙarfin tacewar ƙoda, ta gaza 30, ko mutum yana wankin ƙoda, sai an zauna an auna, a zaɓi nau'in da ya fi ɗaurewa, irin su Dotarem, Gadovist ko ProHance. Da wannan taka-tsantsan cutar ta kusa ɓacewa. Mai ciwon suga, hawan jini ko sikila ya tafi da sabon sakamakon gwajin ƙodarsa.

Maganar ƙwaƙwalwa daga Japan ta fito a 2014: an ga ɗan ragowar sinadarin a ƙwaƙwalwar waɗanda aka yi wa allurar sau da yawa. A 2017 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta dakatar da wasu tsofaffin nau'o'in don kariya, ko da yake ba a nuna ragowar na haddasa wata cuta ba. Abin da aka fi ji a zahiri shi ne sanyi a hannu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ɗan tashin zuciya. Borin jini mai tsanani yana faruwa amma da wuya ƙwarai. Wanda ya taɓa yi, ko mai asma, ya faɗa tun kafin a sa kanula.

Ina da juna biyu. Ƙanwata kuma tana shayarwa.

Mai juna biyu ba a yi mata allurar sai da larura babba, domin sinadarin yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi. Ƙaramin ƙarin da ba ya ciwo yana iya jira a haihu, ana bin sa da sikanin. Ko zato kike yi, ki faɗa. Mai shayarwa kuwa ta ci gaba da ba da nono, abin da ke shiga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 1,000 na allurar ba.

Wane shiri zan yi kafin ranar?

Yawanci ana cewa kada a ci abinci awa 4 zuwa 6. Babban shirin dai na ƙarfe ne, domin maganaɗisun kullum a kunne yake, ko ba a ɗaukar hoto. Waya, makulli, agogo da katin ATM kowa ya sani. Waɗanda ake mantawa su ne fil ɗin hijabi, ribbom mai ƙarfe, rigar nono mai waya, jigida mai maɗaurin ƙarfe, da laya ko guru, tunda ba kowa ya san abin da aka ɗinke a ciki ba. A cire su a bar wa ɗan rakiya, babu wanda zai tambayi dalilin ɗaura su. Kwalli ma gara a bari sai an fito. Haƙorin Makka ba ya hana hoton ciki, amma a ambata shi.

Waɗanda dole su tsaya a yi magana tukuna: mai batirin zuciya, mai na'urar ji da aka dasa a kunne, wanda aka sa wa maɗauri a jijiyar ƙwaƙwalwa, mai ragowar harsashi a jiki, da mai walda ko maƙerin da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shigar masa ido.

Yaya abin yake a ciki? Da zafi?

Zafin bai wuce na sa kanula ba. Za ka kwanta rigingine, a ɗora maka wani faifai a ciki, gadon ya shige cikin rami mai buɗe ta gaba da baya. Ƙara ce mai yawa, kamar ana buga guduma, za a toshe maka kunne, a kuma damƙa maka ɗan ƙwallon roba da za ka matsa idan kana son a tsaya. Minti 30 zuwa 45 ne.

Aikinka ɗaya: riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20 duk lokacin da aka ce. Saifa a manne take da tantanin numfashi, kana shaƙa tana sauka. Hotunan da ke bin allura kuma ba a maimaita su, idan daƙiƙa 30 ɗin farko ta wuce cikin motsi, ta wuce. A gwada a gida. Dattijon da ba ya jin Turanci, a nemi wanda zai riƙa ba shi umarnin da Hausa tun kafin a fara.

Takarda ta ce a sake hoto bayan wata shida. Ba sakaci ba ne a zauna jira?

Jiran shi ma gwaji ne. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar a 2013 ta ce ƙarin da siffarsa ta nuna marar lahani ne sarai ba ya buƙatar bibiya. Wanda ba a tantance ba, a jikin wanda ba shi da tarihin kansa, a sake MRI a wata 6 da wata 12. Kansa ba ta cika zama wuri ɗaya shekara guda ba. Idan girma bai canja ba, an samu amsa ba tare da wuƙa ba. Mai tarihin kansa da ƙarinsa ya kai santimita 1 ba a sa shi wannan jiran, ana wucewa ga hoton PET, mai nuna inda nama ke aiki fiye da kima irin na kansa, ko ɗaukar nama.

Kada a jira ranar idan zazzaɓi ya ƙi sauka, ko rama ta shigo, ko ana ƙoshi da loma kaɗan, ko gefen hagu ya fara nauyi. Ciwo mai tsanani farat ɗaya a gefen hagu da ke harbawa zuwa kafaɗa, tare da jiri, na gaggawa ne: saifa na iya fashewa.

Me zai hana a cire saifar kawai kowa ya huta?

Domin ana iya gudun gara a faɗa gidan zago. Mutum yana rayuwa babu saifa, amma har ƙarshen ransa yana cikin haɗarin wata irin shigar ƙwayar cuta cikin jini da ke iya kayar da lafiyayye cikin awoyi, kuma maleriya ta fi yi masa tsanani. Ga wanda ke zaune inda sauro da sanƙarau suke, wannan ba ƙaramin farashi ba ne a kan ƙarin da watakila ba zai taɓa yin komai ba. Babban amfanin MRI mai allura ke nan, ya hana a cire saifar da ba ta yi laifi ba.

Idan shakka ta ƙi ƙarewa, ana iya ɗaukar ɗan nama da siririyar allura ana kallo ta sikanin ko CT. A da ana tsoron haka, amma a hannun gwani babbar matsala ba ta wuce mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Tiyata tana zuwa ne idan ƙari yana girma, yana ciwo, yana cinye jini, ko jaka ta wuce santimita 5 tana damun mai ita, kuma a wasu lokuta ɓangare kawai ake yankewa a bar saura. In cirewar ta zama dole, a karɓi rigakafin namoniya da sanƙarau aƙalla mako biyu kafin aiki.

Babu MRI a garinmu, sai an yi tafiya. Me zan tambaya kafin in biya?

Tambayi ƙarfin na'urar. Ana auna ƙarfin maganaɗisun da tesla, wannan aiki kuma na mai tesla 1.5 ne ko 3. Masu ƙaramin ƙarfi suna iya hoton baya da gwiwa, amma ba su da saurin kama matakan allura a numfashi ɗaya. Tambayi ko suna ɗaukar hoton ciki mataki-mataki bayan allura, ko kuɗin allurar na cikin abin da aka faɗa, da ko likitan hoto ne zai rubuta sakamako. Idan MRI ya gagara, CT mai matakai da yawa yana iya rage shakka, haka ma sikanin mai allurar kumfa inda ake yin sa, wanda ta huhu yake fita, ba ruwansa da ƙoda.

Ka tafi da duk tsofaffin hotunanka, ko na shekara biyar ne, ko don wani ciwon daban aka yi su. Idan ƙarin yana nan a tsohon hoto da girmansa na yau, mai yiwuwa likita ya ce tafiyar ma ba ta taso ba. Bayan an gama kuma ka karɓi hotunan a faifan CD, ba takardar sakamako kaɗai ba, domin da su za a gwada na gaba.